Rabin Suna

Na yi abubuwan kunya da yawa a rayuwata, wasu ma Allah ya rufa mini asiri na manta su, amma ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na bi aminiyata Binta kallon baje kolin tarihi ba. Bin ta na yi, ba gayyata ta ta yi ba, gara in faɗi wannan tun yanzu. Da na ji magana na zauna a gida na ci gaba da haɗa turaren wutana, da ban kusa rasa matar da ta fi kowa sanina a duniya ba.

Ni da Binta katanga ce kawai tsakanin gidajenmu, a nan cikin birni, gindin Dala. Tare muka tashi, tare muka yi makarantar allo, kusan tare aka yi mana aure. Da zaman aure ya ƙare wa kowaccenmu (ita mijinta rasuwa ya yi, ni nawa yana nan da ransa, Allah ya ƙara masa lafiya a inda yake) sai muka dawo gidajen iyayenmu, katangar ta sake haɗa mu. Hali dai kowa da nata. Binta malama ce, ita ke koyar da matan aure a Islamiyyar unguwarmu, kuma sai ta auna magana kafin ta fitar. Ni kuwa idan aka yi tambaya a taro, ko ba ni aka tambaya ba, hannuna ne farkon tashi, sau da yawa tun ban gama jin tambayar ba.

Muna da wata gaisuwa tamu da babu mai irinta a unguwar. Da gari ya waye zan matsa jikin katanga in ce, "Duk safiya." Ita kuma daga can ta amsa, "Sai godiya." Shi ke nan, kowa ta kama aikin gabanta. A wurin kakanninmu muka samo ta. Kakata, Hajiya Babba, haka take kiran kakar Binta, wata 'yar tsohuwa marar jiki mai tsage a kumatu, wadda mu yara muke ce wa Iya Safiya. Akwai 'yar ƙofa a jikin katangar, ta nan Iya take shigowa gidanmu. Hajiya Babba tana kan dardumarta za ta ce "Duk safiya," Iya ta amsa "Sai godiya" daga bakin murhu ko daga bakin rijiya, sannan ta taso. Abin ya burge mu muna yara, muka ɗauka muna kwaikwayo, tsofaffin suka rasu suka bar mu da shi. Ni a wurina shaidar tsohon zumunci ce tsakanin gidaje biyu, har alfahari nake da ita in na yi baƙi.

Binta tana da 'ya, Rabi, mai karatun tarihi a jami'a. Ita da 'yan ajinsu ne suka shirya baje kolin a zauren taron wata makaranta kusa da kasuwar Kurmi, a kan tarihin baƙar fata da yadda aka yi aka hana cinikin bayi. Binta ta shirya za ta kai ɗalibanta su gani. Ni ta kan katanga na tsinci maganar, na leƙa na ce ai da ni za a je.

"Ke da ba kya son tsayuwa?" in ji Binta. "Zafi ne kawai a wurin. Ki yi zamanki, in na dawo na ba ki labari."

Rabi ma ta sa baki, ta juyo wurina. "Mama, ba fa wani abin kallo ba ne, hotuna ne da rubuce-rubuce. Za ki gaji."

Mai hankali da ya ji uwa da 'ya sun haɗu a kan magana ɗaya, da ya tsaya ya yi tunani. Ni abin da na fahimta shi ne akwai wani daɗi da ake son a ci ba da ni ba. Na ɗauko sabon leshina, na kafa ɗauri, na riga su fita bakin titi, ni na ma tsayar mana da adaidaita.

Zauren an raba shi biyu da labule. Ɓangaren farko na ƙasashen waje ne. Akwai zanen wani jirgin ruwa da aka kwantar da mutane a cikinsa a jere, kamar yadda ake jera itace a kan kura, babu ko wurin juyawa. Akwai hotunan sarƙoƙi, da na gonakin rake da auduga, da na wasu baƙaƙen fata maza da mata waɗanda suka tsaya tsayin daka har aka daina abin. Wani hoton uwa da aka raba da ɗanta ya sa ni hawaye, na gaske kuwa, har na ɓata kwallina.

Da na tsaya a hawayen da ba komai. Amma ni ba na iya jin abu a raina ban raba wa jama'a ba. Na shiga sharhi da ƙarfi, yadda na bayan zaure ma zai amfana. Na ce Allah ya isa tsakaninmu da Turawan nan. Na ce a sayar da mutum kamar akuya, wannan wane irin rashin imani ne. Na ƙara da cewa mu dai alhamdu lillahi, Allah bai jarrabe mu da wannan baƙin hali ba. Wani dattijo mai farin gemu da ke kusa da ni ya kalle ni ta saman tabaraunsa, ya daɗe yana kallona. Na ɗauka jawabin ne ya ratsa shi, sai na ƙara masa da wani.

Daga nan na tsaya ɗaukar hoto. Ina son in fito a gaban zanen jirgin da fuskar jimami, in ɗora a waya mutane su ga na je wurin ilimi, amma hasken wurin ya ƙi ba ni haɗin kai. In fuskata ta fito, jirgin bai fito ba, in jirgin ya fito, ɗaurina ya karkace. Kafin in samu wanda ya yi mini, jama'a duk sun wuce bayan labule, ɓangare na biyu, wanda aka rubuta wa "Na Gida" a sama. Ko tambayar kaina ban yi ba me ya kawo gida cikin wannan magana.

Na shiga na tarar an kewaye wani saurayi, ɗaya daga cikin ɗaliban, yana bayani da abin magana a hannu. Tsakiyar zancen na tarar.

"To shi ne suna mai rabi biyu," yake cewa. "Mai kira ya faɗi rabi, wanda aka kira ya cika sauran. Ko a cikin iyayenmu da ke nan akwai wanda ya taɓa jin irinsa?"

Zaure ya yi tsit. Dattawa sun sunkuyar da kai, mata suna gyara mayafi. Ni na fassara shirun da cewa duk cikinsu babu wanda ya sani, ga ni kuma da amsa a baki tun ina yarinya. Hannuna ya tashi. Yaron ya miƙo mini abin maganar cikin ladabi, na karɓa na gyara tsayuwa.

Na yi sallama, na gabatar da kaina, na faɗi unguwarmu, har sunan gidanmu sai da na faɗa. Na ce wannan al'ada da yaro yake magana a kai ba ta mutu ba, tana nan da ranta a gidanmu, kuma yanzu zan nuna musu. Na hango Binta can ƙarshen zaure a tsakiyar ɗalibanta. Na kuma hango Rabi a gefe tana girgiza mini kai tana yi mini alama da hannu. (Na ɗauka cewa take ba a ji na sosai. Sai na ƙara matso da abin bakina.)

"Duk safiya!"

Muryata ta fito ta lasifika ta cika zauren. Babu amsa. Na yi dariya na ce, "Malama Binta, ke fa nake jira. Kar ki ba ni kunya a gaban mutane."

Duk aka juya ana kallonta. Ta ce, "Sai godiya." A hankali ta faɗa, amma saboda shirun da ake kowa ya ji.

Na tafa, ni kaɗai. Yaron ya miƙo hannu zai karɓi abinsa, na riƙe, don ban gama ba. Na yi musu bayanin cewa tun zamanin kakata ake yi, kakata ta kira, kakarta ta amsa, yau ni nake kira ita take amsawa. "Gidanmu ke kira, gidansu ke amsawa," na ce, "ba a taɓa juyawa ba." Har da ɗaga yatsa na faɗi wannan.

Dattijon nan mai tabarau ne ya yi gyaran murya. "Yaro," ya ce, "maimaita wa Hajiya abin da ka faɗa da farko. Ba ta nan lokacin."

Yaron ya kalli Rabi, ya kalli ƙasa. Da ganin sa ya fi son a ce ya ɗauki buhun siminti da ya maimaita. "Cewa na yi, Hajiya, a nan garin ma an yi cinikin bayi, har a cikin kasuwar nan ta Kurmi. Idan aka sayo mutum, akan ajiye sunansa na yanka a raɗa masa wani. To wasu iyayengijin sukan raɗa suna mai rabi biyu, don duk lokacin da suka kira bawan ya amsa musu da godiya."

Abubuwa ne suka dinga faɗo mini ɗaya bayan ɗaya, abubuwan da na gani da idona tun ina yarinya ban taɓa haɗa su ba. Tsagen Iya, wanda babu mai irinsa a duk danginmu da maƙwabtanmu. Hausarta da take ɗan karkacewa, muna yi mata dariya. Yadda ban taɓa ganin ta zauna a kan dardumar Hajiya Babba ba, kullum a ƙasa, gefen takalma. Ashe ba Safiya ba ne sunanta. Mu ne muka gutsuri rabin abin da ake kiranta da shi muka maƙala mata Iya a gaba.

Na ce "Inna lillahi" a raina, a zatona. Na manta abin maganar yana bakina, sai da na ji salatina ya dawo mini ta lasifika. Na rasa inda zan ajiye shi, na miƙa wa wata mata da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ita ma ta miƙa wa na kusa da ita. Leshin da na sa don a gan ni kuwa ya yi aikinsa, babu inda zan tsaya a zauren nan a ce ba a gan ni ba.

Binta ko kallona ba ta yi ba. Ta juya wurin ɗalibanta ta ce, "Mu ƙarasa, akwai saura a gaba." Haka ta bi da su hoto bayan hoto har ƙarshe, tana tsayawa inda ya kamata a tsaya, tana yi wa waɗanda ba sa gani sosai karatun rubutun. Ni ina can baya, na zama mai nazarin silin. Da aka tashi suka cika adaidaita biyu suka tafi. Na ce musu ina da sayayya a Kurmi, alhali ranar ko ƙofar kasuwar ban iya kalla ba. Da ƙafa na koma gida ta lunguna, ni da ba na son tsayuwa.

Washegari ƙafata ta kai ni jikin katanga da kanta. Ina jin sharar Binta, ina jin rediyonta, ina jin ta tana yi wa kajinta magana, amma na rasa da wace kalma zan fara. Ashe tsawon rayuwarmu ban taɓa ce mata "ina kwana" ba. Kwanaki suka yi ta wucewa a haka. Na aika mata da turaren wuta mai kyau, wanda nake ɓoye wa manyan masu saye, ta aiko Rabi ta ce an gode. Wannan godiyar ta fi zagi yi mini ciwo. Na tsorata ƙwarai, don na san Binta ba ta faɗa da mutum, sai dai ta matsa gefe a hankali, kafin ka farga ta yi maka nisa.

Ranar da na kasa daurewa ban bi ta 'yar ƙofar katanga ba. Na zagaya ta waje, na shiga ta zaure da sallama kamar baƙuwa. Na tarar da ita a tsakar gida tana gyaran zogale. Ta amsa sallamar, ta turo mini kujera 'yar tsugunno da ƙafa. Na zauna, duk jawabin da na tsara a hanya ya gudu.

"Dama kin sani?" Abin da ya fito ke nan.

"Wa bai sani ba a unguwar nan? Ke kaɗai ce, Hajjaju."

"To me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

Ta ci gaba da zage ganyen daga jikin itacen. "In ce miki me? Wata safiyar in kin kira daɗi nake ji, don ke kaɗai kika rage da nake jin sunan Iya a bakinki. Wata safiyar kuma ji nake kamar in jefo miki muciya ta kan katanga. Ban san wanne zan faɗa miki ba, sai na yi shiru."

Na ce ta yafe mini, na tona mata asiri a gaban mutane.

"Babu asirin da kika tona. Ba sata Iya ta yi ba, ita aka sato. Kuma matan nan iyayensu sun san komai. Amma sani daban, a sa ni in amsa a gabansu daban."

"To don me kika amsa? Da kin yi banza da ni."

Sai a lokacin ta ɗago ta kalle ni. "Ke kika ce kar in ba ki kunya."

Nan na yi kukan da ya fi na gaban hoton, wannan karon babu mai ɗauka. Ta bar ni na yi mai isata. Da na lafa ta ce akwai abu ɗaya da take so in yi mata. A gidanmu aka canza wa Iya suna, to in je in tambayo a danginmu ko akwai wanda ya san sunanta na yanka, wanda uwarta ta kira ta da shi.

Mutum ɗaya ce ta rage da za ta iya sani, Gwaggo Asabe, yayar mahaifina, da ke zaune wurin jikokinta a Ƙofar Mata. Ta tsufa tukuf, amma kanta garau yake, har yau tana iya lissafo miki wanda bai zo sunan ɗanta na fari ba. Na je da goro da turare, muka gaisa, na kawo maganar Iya.

"Allah ya jiƙan ta, mutuniyar kirki," in ji Gwaggo. "Tare da kayan ɗakin Hajiya aka kawo ta, tana 'yar mitsitsiya, ko Hausa ba ta ji. Ita ta goya ubanki, ita ta goya ni."

"Gwaggo, sunanta nake nema."

"Duk Safiya mana."

"Na yanka, Gwaggo. Wanda ta zo da shi."

Ta dinga juya goron a hannu. Na ga alamar da gaske take lalube, ba ɓoyewa take ba. Can ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya tambaye ta?" Da ta ga yadda fuskata ta yi sai ta hau kare gida. Ai ba a wulaƙanta ta ba, an 'yanta ta, an yi mata aure, an yanka musu wuri a jikin gidanmu suka yi gini. Na ce haka ne, Gwaggo. Na tambaye ta ko ta san garin da aka ɗauko ta. Ta nuna kudu da haɓa ta ce, "Can dai."

Abin da na komo da shi ke nan, haɓar Gwaggo da "can dai". A hanya na yi ta saƙa yadda zan rage wa maganar ɗaci, har na yi tunanin in ƙirƙiro wani suna mai daɗi in kai mata. Allah ya taimake ni ban ƙara wannan a kan na baya ba. Na faɗa wa Binta yadda muka yi, kalma da kalma, har da "wa ya tambaye ta".

Ta gyaɗa kai. "Na san ba za ki samo ba. Ni da kaina na tambayi Iya tana raye, ta ce ta manta."

"To aiken me kika yi mini har Ƙofar Mata?"

"So nake a ce wani daga gidanku ya taɓa tambaya."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da kwano biyu, ta zuba mana dambu. Muna ci take gaya mini turaren da na aiko ya yi hayaƙi da yawa, in rage sukari a haɗin gaba. Ban taɓa jin daɗin a kushe mini sana'a ba sai ranar, don Binta ba ta kushe kayan wanda ta cire daga ranta.

Mun shirya, muna nan yadda muke, sai dai yanzu nakan ɗan saurara in ji yadda ta tashi kafin in buɗe baki. Abin da na koya bai da yawa, amma da tsada na saye shi: don mutum ya shekara da shekaru yana amsa miki da fara'a, ba shi ke nuna wasan naku ne ku biyu ba. Masu rabo a ɗaki suke gane wannan, su kaɗai, ba wanda ya ji. Ni sai da furfura ta fito mini, aka tara mini jama'a, aka kuma haɗa mini da lasifika.